FASHIN BAƘI: Yadda Shata da makaɗansa suka mamaye Arewa da kalangu, da tambayar wa ke riƙe da gadonsu

A watan Afrilun 2024 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Pophouse ya sayi waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira KISS, haɗe da sunanta da zanen fuskokin mawaƙanta. Kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa cinikin ya haura dala miliyan 300. An kafa ƙungiyar a birnin New York a 1973, kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne mayar da kiɗa abin kallo: mawaƙanta kan shafe fuska da fenti fari da baƙi, su sa takalma masu tsini, ɗaya daga cikinsu ya riƙa fesa wuta da baki, jita kuma tana ƙara kamar tsawa. Ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a watan Disamban 2023, amma sunanta bai daina kawo kuɗi ba.

Ƙasar Hausa ta taɓa yin tawagar da ta haɗa ƙarar kiɗa da wasan ido da rashin tsoro, ta kuma riƙe jama'a fiye da shekara hamsin. Ita ce tawagar Alhaji Mamman Shata, wadda ta taso, ta yi ƙarfi, ta kuma zauna a kudancin Katsina, shiyyar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke. Fiye da shekara ashirin da biyar bayan rasuwarsa, ana jin muryarsa a tasha da kasuwa da wayoyin matasan da ba su taɓa ganinsa ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ke da waɗannan waƙoƙi, wa ke cin moriyarsu, kuma me ya sami dandalin da ya haife su?

Daga tallar goro zuwa Bikin 'Yan Sarki

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa a 1923. Bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a idon mutanen wancan zamani waƙa roƙo ce, roƙo kuwa sana'ar waɗanda suka gaje ta ce. Shata ya fara da tallar goro, ya kuma yi tallar alewa, yana rera waƙa a dandali da dare don nishaɗi. Da farin jininsa ya ƙaru sai ya bar talla ya kama waƙa gadan-gadan, yana yawo ƙauyukan ƙasar Musawa.

Matakin da ya sauya rayuwarsa shi ne komawarsa Bakori, bisa gayyatar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, a sashen sayen gyaɗa da auduga. Daga Bakori ne tawagar ta fara kai wasa Katsina da Kano. A 1952 aka yi shagalin da ake kira Bikin 'Yan Sarki a Kano, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga nan sunansa ya shiga gidajen sarauta da na attajiran birnin. Wajen 1960 ya koma Funtuwa, inda ya yi kusan shekara arba'in.

Duk garuruwan nan uku, Musawa da Bakori da Funtuwa, suna cikin ƙananan hukumomi 11 da a yau suka haɗu suka zama mazaɓar Sanatan Katsina ta Kudu. Sauran su ne Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ɗanja, Ƙafur, Malumfashi da Matazu. Ko da yake ana yi masa laƙabi da Shata Katsina, ƙasar auduga ta kudu ce ta raine shi.

Me ya sa kalangu ya zama abin magana?

Don a gane girman abin da Shata ya yi, sai an san cewa kayan kiɗa a ƙasar Hausa suna da matsayi kamar yadda mutane suke da shi. Tambari na sarki ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi. Kalangu kuwa kiɗan mahauta ne a kasuwa, da kiɗan 'yanmata da samari a dandali. Da wannan gangar talakawa Shata ya shiga gaban sarakuna, bai sauya ta da wata ba.

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, an ɗaure fatun bakinta da tsarkiya. Makaɗi kan rataye ta a hammata, idan ya matse tsarkiyar sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka. Tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, gwanin kalangu na iya sa gangar ta faɗi magana, mai sauraro kuma ya gane. A tawagar Shata akwai kalangai da dama suna tafiya tare, ga ƙaramar ganga mai kaifin murya tana riƙe musu lokaci. Ba lasifika ake bukata ba kafin a ji su daga unguwa zuwa unguwa.

Tsarin waƙar ma daban yake. A waƙar fada, 'yan amshi kan karɓi baiti daga bakin jagora su ƙarasa, su yi ƙari, abin da ke bukatar a tsara waƙa a gida a haddace ta. A wajen Shata, makaɗan su ne 'yan amshi, kuma aikinsu shi ne maimaita layi guda daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wannan ya bar masa fili gaba ɗaya. Yana iya ƙirƙirar baiti nan take, ya sako sunan wanda ya shigo yanzu, ya tsawaita waƙa ko ya datse ta gwargwadon yadda taro ya karɓa. Shi ya sa waƙa guda takan zo da siga daban-daban, kuma shi ya sa shi kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Wasan da ido ke kallo

Wanda ya san Shata a rediyo kawai ya san rabinsa ne. Wasansa taro ne mai 'yan wasa da yawa. Ga makaɗa suna zuba kiɗa, ga sanƙira yana kirari yana shelar kyautar da aka bayar da sunan wanda ya bayar, ga masu liƙi suna gasa da juna a bainar jama'a. A tsakiya Shata yake, cikin babbar riga, yana juya taron yadda ya ga dama. Wanda ya ba da kyauta yana sayen suna ne, wanda ya hana kuma ya san abin da ka iya biyo baya.

Ƙololuwar wannan wasa ita ce Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari. A cikinta yakan kamanta kansa da abubuwa masu ban tsoro, ya ƙalubalanci sauran mawaƙa, ya gargaɗi masu ja da shi. Ya rera ta sau da yawa a tsawon shekaru, kowane karo da sabon zubi. Abin da mawaƙan KISS suka yi da fenti da wuta, wato ƙera wa kansu siffa wadda ta fi ta ɗan Adam girma, Shata ya yi shi da harshe. Har aka kai ga jama'a suna yaɗa labarai cewa bakinsa na kama mutum, wasu kuma suna danganta baiwarsa da iskoki. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, wannan kwarjini wani ɓangare ne na jarin tawagar.

Makaminsa na biyu shi ne zambo. Waƙar Gagarabadau na cikin fitattun misalai. A al'ummar da mutunci ya fi dukiya tsada, mawaƙin da zai iya mayar da mutum abin dariya daga Funtuwa har Kumasi yana riƙe da iko na gaske. Bai kuma tsaya inda malamai da dattawa suke so ya tsaya ba. Ya yi waƙar mashaya wadda har yau ake muhawara a kanta, ya yi wa mata masu zaman kansu waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa. Bakin nan dai shi ne ya yi begen Annabi, ya yi waƙar kiran 'yan Arewa su farka su nemi na kansu, ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasa, ya kuma yi waƙar kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Faɗin wannan fage ne ya sa kowane rukuni na jama'a ke ganin Shata nasa ne.

Kuɗin auduga, rediyo da faifai

Baiwa kaɗai ba ta ciyar da tawaga. Kudancin Katsina a wancan zamani cibiyar auduga ce. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ga injinan gurzar auduga, ga 'yan baranda da dillalai da masu manyan motoci da ma'aikatan En'e. Da kaka ta yi, kuɗi kan shiga hannun manomi, a ɗaura aure, a yi suna, a yi naɗin sarauta, a kira makaɗa. Wannan tattalin arziki ne ya ba mawaƙi damar rayuwa ba tare da ya jingina da fada guda ba. Makaɗin fada ubangidansa ɗaya ne. Shata iyayen gidansa ba su ƙirguwa, don haka babu wanda ya isa ya rufe masa baki shi kaɗai.

Sai kuma rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa duk inda ake jin Hausa, har Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Kamfanin EMI ya fitar da waƙoƙinsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya sauƙaƙa kwafi. Kaset ya ƙara masa suna, amma shi ne kuma ya fara raba waƙar da mai ita, domin duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. Shata bai dogara da cinikin faifai ba. Arzikinsa daga fili yake zuwa: kuɗi, riguna, dawaki da motoci. Wannan tsari ya yi masa aiki yana raye. Matsalarsa ita ce ba a gadonsa, domin ranar da mawaƙi ya daina tsayawa a fili, ranar kyauta ke tsayawa.

Hukuma ma ta san da zamansa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Mawaƙin da ya shiga siyasa da ƙafarsa

Ga matasan da suka taso a zamanin waƙoƙin kamfe, akwai darasi a yadda Shata ya yi hulɗa da masu mulki. Bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, shi ma ya shiga fagen. Ya yi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya yi GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, muƙamin da aka tsige shi daga kai bayan saɓani da manyan jam'iyyar. Ba waliyyi ba ne, ya yabi masu kuɗi don kuɗinsu. Amma da yake abincinsa na hannun jama'a da yawa, yana da ƙarfin juya wa babba baya.

Shiyyar nan dai ita ta sake fitar da mawaƙin siyasa mafi tashe a wannan zamani, Dauda Kahutu Rarara, ɗan garin Kahutu a Ƙaramar Hukumar Ɗanja. Bambancin tsarin a bayyane yake. Waƙar yau a situdiyo ake haɗa ta da fiyano da kwamfuta, mutum ɗaya na iya yin aikin makaɗa goma, babban mai biya kuma shi ne ɗan takara ko gwamnati. Idan masu biya suka taƙaita ga masu mulki, abin da mawaƙi zai iya faɗa ma yakan taƙaita. A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka sace mahaifiyar Rarara a Kahutu, aka sako ta bayan makonni. Kusanci da gwamnati bai kare gidan mawaƙin daga abin da ke cin yankin ba.

Faskari da Ƙanƙara: inda aka rubuta tarihin

Mafi yawan abin da aka sani a rubuce game da rayuwar Shata ya fito ne daga hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi. Ɗan jarida kuma marubuci Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, shi ya jagoranci rubuta littafin Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006, tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda fanninsa na karatu kimiyyar ƙasa ne, ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙin da mutanen da aka yi wa su, ya fitar da littafin Mahadi Mai Dogon Zamani.

Irin wannan aiki da ƙafa ake yinsa. Sai an je ƙauye an sami tsohon makaɗi, ko ɗan wanda aka yi wa waƙa, ko dattijon da ya halarci wasan, a tambaye shi yaushe aka yi, a ina, me ya jawo. Waƙar da ba a san dalilinta ba ta zama sauti kawai. Yawancin waɗannan shaidu sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, hanyoyin da za a bi a isa ga sauran kuma su ne matafiya ke tsoro a yau.

Dandalin da ya yi shiru

Ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. A watan Yunin shekarar an kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau na ƙasar Faskari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ta hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa da Bakori.

Idan ana lissafin asarar da rashin tsaro ya jawo, rayuka da dukiya da gonaki ake fara ƙirgawa, kuma haka ya dace. Amma akwai asarar da ba ta shiga rahoto. Shata bai koyi waƙa a makaranta ba, dandalin dare ne makarantarsa. Can yaro ke gwada muryarsa, jama'a su yi masa dariya ko su yi masa tafi. Can ɗan makaɗi ke koyon matsa tsarkiya. A garin da magariba ke kora kowa gida, inda taron biki ke iya zama abin hari, inda manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, babu dandali, babu rarar kuɗin da za a yi wa makaɗi liƙi. Ba rashin tsaro kaɗai ya raunana kalangu ba. Situdiyo da masu sa kiɗa da na'ura a wajen biki, da wa'azin da ke ƙyamar kiɗa, da durƙushewar kasuwar auduga, duk sun riga shi yin nasu. Rashin tsaro ya zo ne ya tarar da mara lafiya.

Wa ke da waƙoƙin a idon doka?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta raba abin gida biyu. Na farko ita ce waƙar kanta, wato kalmomi da karinta. Wannan haƙƙi na mawaƙi ne, yana kuma ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ga Shata, wannan na nufin magadansa na da haƙƙi har ƙarshen 2069. Na biyu shi ne naɗin sautin, wato faifai ko kaset ko tef. Wannan yawanci na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, kamfani ko gidan rediyo, sai dai in yarjejeniya ta ce wani abu daban, kuma wa'adinsa shekara 50 ne daga fitowarsa. Faifan da ya fito a 1974, misali, kariyar naɗinsa ta ƙare a ƙarshen 2024, ko da yake waƙar da ke cikinsa tana nan a ƙarƙashin kariya.

Akwai kuma sharaɗin da ya fi shafar mawaƙin baka: doka na kare waƙar da aka adana ne a wani abu da za a iya sake ji ko karantawa. Duk waƙar da Shata ya yi a fili ba tare da rikoda ba, ta tafi da iskar daren da aka yi ta.

Abin da ke faruwa a zahiri kowa na ganinsa. Waƙoƙin suna warwatse a tashoshi barkatai na YouTube da TikTok da Facebook, masu tura waƙa a waya kuma suna sayar da su a kasuwa da tasha. Wasu an sauya musu suna, wasu an yanke su, wasu ma ba nasa ba ne aka liƙa masa. Kafofin intanet na biyan kuɗin talla ga wanda ya ɗora abu ko wanda ya tabbatar musu cewa nasa ne. In babu kundi tsayayye da ke nuna kowace waƙa da mai ita, kuɗin na tafiya ga wanda ya riga ɗorawa.

Ba sai an je Amurka neman misali ba. Fela Anikulapo Kuti ya rasu a 1997, shekara biyu kafin Shata. Iyalinsa sun fara bikin Felabration a 1998, an yi wasan kwaikwayo kan rayuwarsa a dandalin Broadway na New York a 2009, an mayar da gidansa na Ikeja gidan tarihi a 2012, ana kuma ta sake fitar da faya-fayansa da izini. Bambancin ba na baiwa ba ne, na tsari ne.

Abin da ya rage a yi

Aikin farko shi ne kundi: jerin kowace waƙa da aka naɗa, da shekararta, da wanda ya naɗa, da sunayen makaɗan da suka buga ta. Littattafan da aka ambata sun share hanya. Na biyu shi ne ceto tsofaffin tef-tef da ke ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talbijin, musamman na Kaduna da Kano da Katsina, a mayar da su na zamani kafin zafi da ƙura su gama da su, domin tef ba ya jiran kasafin kuɗi. Na uku shi ne magada su tsaya da murya ɗaya su nemi haƙƙinsu ta hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da ƙungiyar MCSN da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Jihar Katsina na da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma. Matasan da ke bibiyar kasafin jiha suna tambayar kuɗin tituna da na tsaro suna da hurumin tambayar nawa aka ware wa adana tarihi, nawa aka saki, me aka yi da shi. Kuma duk lissafin da za a yi, kada a manta da makaɗan. Sunan Shata ne a kan faifai, amma hannuwan wasu ne suka buga kalangun, kuma su ma sun bar iyali a Funtuwa da Bakori da ƙauyukan da ke kewaye.